Rijiyar da Ke Bayan Gidan Mai

Shekara goma sha biyu na yi ina aikin gidan mai, kuma na ga abubuwa da yawa, wasu har na manta da su sai wani ya tuna min. Amma akwai guda ɗaya da na san ko tsufa ya fara cinye min tunani shi zai zama na ƙarshen fita daga kaina. Maganar wata rijiya ce da ke bayan katangarmu, da yadda ta mutu a hannuna alhali an gaya min tun da sauran lokaci.

A wancan lokacin ni ne manajan wani gidan mai a gefen garin Dutse, can ta wajen Yalwawa, kafin gine-gine su cika wurin. Mai gidan man wani Alhaji ne da ya fi zama a gonarsa ta Taura, sai ya yi mako biyu bai leƙo mu ba, don haka komai a hannuna yake. Tankuna uku gare mu binne a ƙasa, na fetur da na gas da na kananzir. Na fetur ɗin shi ne babba, shi ne kuma tsoho, don da shi Alhaji ya tarar da wurin lokacin da ya saya. Mutum ba ya ganin tankin da ke ƙarƙashin ƙasa. Abin da yake gani kawai murfin ƙarfe ne a kan siminti, in ya buɗe sai wata 'yar kafa. Ta kafar nan muke zura sandar awo, wata doguwar sanda mai zane-zane, a goga mata alli, a zura har ta taɓa gindin tanki, a zaro a duba inda mai ya jiƙa. Kowace safiya in na taso daga gidana a Takur, kafin in sha shayi sai na yi awon nan da hannuna. Ina ji da sandar nan ƙwarai. Ga takardar difloma, ga sanda, kuma a ganina na lokacin duk wanda ba shi da ɗaya daga cikin biyun nan ba shi da bakin magana a kan mai.

Bayan katangarmu akwai gidan wata dattijuwa da duk unguwar ke kira Iya. Mijinta malamin allo ne, ya rasu tun kafin in zo wurin. Shi ya haƙa rijiya a kusurwar gidan, ya kuma fasa mata ƙofa ta waje don 'yan unguwa su riƙa shiga ɗiban ruwa ba sai sun yi sallama ba. Sadaka ya yi da ita tun yana raye, kuma Iya tana kula da rijiyar nan kamar yadda ake kula da amana. Ita ke sayen igiya, ita ke share bakinta, ita ke korar yara in suna leƙe. Da ruwanta kuma take sana'arta ta gumin shinkafa, ta jiƙa shanshera, ta turara ta a manyan tukwane, ta shanya a tsakar gida. Mu kanmu in an ɗauke ruwan famfo, can muke aikawa a ɗebo mana na alwala.

Wata safiya bayan kaka, ina durƙushe a bakin tanki da sandata, sai na ga inuwar mutum a kaina. Na ɗaga kai na ga Iya ce. Muka gaisa, ta tambayi iyali, ta tambayi Alhaji, sannan ta ce, "Manaja, ruwan rijiyata yana warin man nan naku."

Na ce, "Iya, ai duk unguwar nan warin mai take yi. Iska ce ke kai muku."

Ta ce, "Iska ba ta shiga cikin randa, ɗan nan. Ka dai duba."

Don kada a ce na raina babba, na ce mata zan duba, kuma na duba ɗin. Yadda ake gwada tanki ba wani abu ne mai wuya ba. A rufe famfo, a auna man da ke ciki, a kulle murfi, a bar shi yini da kwana ba a taɓa ba, a sake aunawa. In ya ragu, to akwai inda yake zurara. Matsalar ita ce ba wanda yake son ya rufe famfo alhali akwai man sayarwa. Saboda haka duk wanda na sani a sana'ar nan, ranar da mai ya kusa ƙarewa yake yin gwajin, lokacin da ya sauka can ƙasa har famfo ya fara jan iska, ana jiran tanka ta kawo sabo. Ranar dama ba ciniki. Haka na tarar ana yi, haka wanda ya koya min aiki yake yi, ni ma haka na yi. Na jira kwana shida har man ya koma kamu biyu daga gindin tanki, na auna, na kulle, washegari na sake aunawa. Ko gashi ɗaya bai motsa ba.

Na tafi wurin Iya da ƙarfin gwiwata, har da ɗan murmushin wanda ya ci jarrabawa. Na ce mata tankinmu garau yake. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To ni dai abin da na lura, ba kullum yake yi ba. In babbar motar nan ta zo ta juye muku, bayan kwana huɗu ko biyar sai warin ya taso. Ya yi 'yan kwanaki, ya lafa. In ta sake zuwa, ya sake tasowa."

Yau da nake rubuta wannan, na san a cikin maganar nan tata an ba ni amsar gaba ɗaya, ba abin da ya rage sai in miƙa hannu in karɓa. Amma a ranar abin da na ji kawai shi ne tsohuwa tana son ta koya min aikina. Na waiga na ga gugan da ke bakin rijiyar, wata tsohuwar jarka ce aka yanke aka ɗaura wa igiya. Na ce, "Ga ɓarawonki nan, Iya. Jarkar nan ta taɓa ɗaukar mai. A canza guga." Ta dubi jarkar, ta dube ni, ta ce shekararta uku tana aiki da ita, kuma ta man gyaɗa ce. Duk da haka washegari ta sayi sabon guga na roba.

Kada in yi wa kaina ƙarya, akwai abin da ya kamata ya tsaya min a rai ko ba Iya. Duk lokacin da tanka ta juye mana, a kwana biyun farko man yakan ɗan gaza abin da ya kamata a samu. Ba da yawa ba. Mu kuwa a sana'ar nan muna da amsa biyu da ba sa ƙarewa, ko dai zafi ne ya shanye shi, ko direban tanka ne ya tsaya a hanya ya ɗan rage. Na sha yi wa direbobi kallon banza a kan wannan, wani ma har mun yi musayar magana. Allah ya yafe min, wasunsu ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Aka yi wata biyu ban sake jin komai ba, na ɗauka magana ta mutu. Ashe Iya ta daina zuwa ne don ta ga zuwan ba ya amfani. Sai wata ranar Laraba da yamma ta aiko a ce tana son ganina in na sami sarari. Na je. Ta shimfiɗa min tabarma a zaure, ta shiga ciki, ta fito da ruwa a kwanon sha mai murfi, ta ajiye a gabana kamar yadda ake yi wa kowane baƙo. Ta ce, "Bismillah, Manaja, ka sha ruwa tukuna."

Ina buɗe murfin na san na shiga tarko. Ga wani ɗan maiƙo mai launi-launi yana yawo a kan ruwan, ga wari. In na ƙi sha, na yarda da maganarta ke nan, kuma na ƙi ruwan baƙunta a gidan babba. In na sha, na sha fetur. Iya kuwa ta zauna a kan kujerarta 'yar tsugunno, ta zuba min ido, fuskarta ba fushi ba dariya. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana. Na ɗaga kwanon na kurɓa, na haɗiye, na ce alhamdu lillahi. Har bayan sallar magariba duk gyatsar da na yi ta fetur ce, maiɗakina har tana tambaya ko da baki na ja mai a tiyo.

Iya ta ce, "Yaya ka ji shi?"

Na ce, "Akwai ɗan wani abu. Amma ba daga tankinmu ba ne, na gwada. Wataƙila wani ya jefa wani abu a ciki, ko galan ya faɗa. A yashe ta kawai. Zan turo mai yasa."

Ta ce mutane sun fara daina zuwa ɗiba, matan unguwa suna cewa yana sa wa yara ƙaiƙayi, kuma masu sayen shinkafarta biyu sun dawo mata da ita sun ce tana wari in an dafa. Ta faɗi wannan a hankali, kamar mai ba da labarin wani. Sai da ta zo kan cewa yau tun safe guga uku kawai aka ja, nan ne muryarta ta ɗan canza. Ta ce tun da Malam ya haƙa ta ba a taɓa yin yinin da aka ja guga uku kawai ba. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ta rufe rijiyar kada a ƙara ɗiba sai an yashe. Ta rufe ta da kwanon rufi da tsohuwar tabarma, ta danne da duwatsu. Haka ta zauna a rufe kwana biyar, a cikin zafin bazara, ni kuwa ban ko yi tunanin abin da ke taruwa a ƙarƙashin murfin nan ba.

Mai yasar da aka samo min wani dattijo ne, sa'an mahaifina, gajere mai faɗin kafaɗa, wanda aka ce rabin rijiyoyin yankin ya shiga cikinsu. Ya zo ranar Litinin da hantsi. Ni ban yi niyyar zuwa ba ma, sai da na gama awon safe na ce bari in leƙa in ga ko ya iso. Tun daga ƙofar waje na ji abin. Ba warin da ke cikin kwanon sha ba ne. Wannan shi ne ainihin hucin da ke bugun fuskata kullum in na buɗe murfin tanki, wanda ke sa ido ya kawo ruwa. Sun yaye kwanon da tabarmar. Mata huɗu ko biyar suna tsaye suna kallo, wata da goyo, Iya tana gefe kusa da tukwanenta. Dattijon kuwa yana tsugune a bakin rijiyar, ya ɗaura fitilar ƙwai a igiya, ya ɗage gilashinta, ya zaro tsinken ashana yana shirin ƙyastawa.

Ban san lokacin da na isa wurinsa ba. Abin da na sani shi ne na kai wa hannunsa duka, kwalin ashanar ya yi tsalle ya faɗa can gindin katanga, tsinkayen suka watse. Na fizge fitilar na yi jifa da ita ta ƙofa. Na ce wa matan su fita, duk su fita, kada kowa ya kunna komai, a je a kashe wutar murhun da ke cikin gida.

Dattijon ya miƙe a hankali yana duban bayan hannunsa. Ya ce, "Yaro, lafiyarka kuwa? Ni ka doka?"

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, don Allah ka matso daga nan."

Ya ce, "Shekara arba'in ina shiga rijiya, ban taɓa sauka ban tura fitila ta riga ni ba. In ta mutu a hanya, iskar ƙasa ba ta da kyau, sai a jira. In ta isa tana ci, in sauka. Haka ubana ya koya min, kuma da haka na kawo yau da raina."

Gaskiyarsa ne. A kowace rijiya a ƙasar nan dabararsa daidai ce, ta ceci rayuka ba iyaka. A wannan rijiyar kaɗai ce za ta kashe shi, ta haɗa da duk wanda ke tsaye a wurin. Kuma ni na turo shi, ban gaya masa komai ba sai cewa ruwa ya ɗan canza ɗanɗano. Da na tuna haka sai na jingina da katanga.

Iya ba ta fita tare da sauran matan ba. Ta tako ta tsaya a gabana, ta ce, "Manaja, ka ce tankinku garau yake."



Ta ƙara da cewa, "To in ba mai a cikin rijiyar nan, me ya sa ka doke hannun dattijo?"

Kusan wata uku bakina yana musu, hannuna kuwa ko daƙiƙa ɗaya bai yi musu ba. A nan na gane cewa tun ranar da na kurɓi ruwan nan na sani, kawai ban so in sani ba ne. Kunya ta rufe ni, irin wadda mutum ke jin da ma ƙasa ta tsage ya shige. Na sake ba dattijon haƙuri, na biya shi fitilarsa da wahalar zuwansa. Ya karɓa, sai da ya kai ƙofa ya juyo ya ce in da na gaya masa gaskiya tun farko da ko ashana ba zai ɗauko daga gida ba.

Kwana uku bayan haka tanka ta zo da sassafe. Mun yi kwana biyu ba fetur, saboda haka tun tana juyewa layi ya fara haɗuwa, 'yan acaɓa a gaba, motoci a baya har bakin titi. Da ta gama, na bari man ya natsu, na auna, na yi wa sandar alama da wuƙa, na kulle murfin tanki da kwaɗo, na kulle famfo, na zuba mukullan a aljihu. Na fito na ce wa mutane yau ba za a sayar ba sai gobe. Ba sai na faɗi abin da na ji ba. An ce ɓoyewa zan yi don farashi ya tashi, an ce da 'yan bumburutu na haɗa baki, wani direban tasi ya ce dama tun da ya ga ƙeyata ya san ba ni da imani. Kafin azahar labari ya isa Taura, Alhaji ya kira ni a waya.

Ya ce, "Manaja, me nake ji? Tanki cike ka rufe famfo?"

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Ka san abin da kake yi kuwa?"

Na ce, "Ban sani ba, ranka ya daɗe, shi ya sa na rufe. In na yi kuskure, gobe ka sallame ni." Na gaya masa maganar rijiya da ta fitila. Ya ce in kira shi duk abin da na gani.

Da azahar na zura sanda, na ga kamar ya ɗan sauka, na ce wataƙila idona ne. Da la'asar ba maganar ido, jiƙon ya bar alamar wuƙar da faɗin yatsa guda. Kafin magariba ya ƙara. Washegari da safe na tarar ya sauka kusan yatsa huɗu, a tankin da ba wanda ya taɓa, mukullinsa a aljihuna ya kwana. Na zauna a kan simintin da sandar a cinyata na daɗe. Sandar da nake taƙama da ita ba ta taɓa yi min ƙarya ba, ni ne ban taɓa tambayarta a ranar da ya kamata ba.

Alhaji, Allah ya saka masa, bai yi gardama ba. Ya sa aka kwashe man zuwa wani wuri, ya ɗauko wani injiniya daga Kano wanda aikinsa ke nan. Mutumin ya cika tankin da ruwa, ya toshe duk kafofinsa, ya haɗa wani ɗan famfo mai agogo ya matsa, muka tsaya muna kallon allurar agogon tana komawa baya a hankali. Sai ya tambaye ni, "An ce ka taɓa gwadawa ba ka ga komai ba. Man yana ina a lokacin?" Na nuna masa a jikin sanda, kamu biyu daga ƙasa. Ya yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba, ya ce, "Ai gindin tankin kawai ka gwada. Tulun da ya huje a wuya, in ka zuba masa ruwa rabi, ko shekara zai yi ba zai zubar ba."

Aka fasa siminti aka fara tono. Tun ba a yi nisa ba ƙasar ta koma baƙa, tana wari, leburori suna fitowa shan iska bi da bi. A rana ta biyu aka kai ga wurin. Can kusa da saman tankin, ta ɓangaren katangar baya, inda aka yi walda tun asali, tsatsa ta ci ta yi wani ɗan huji da bai fi ƙwayar dawa ba, ruwan gwajin yana tsartuwa ta ciki siriri. Shi ke nan abin. In tanka ta cika tanki, man ya haura hujin ya yi ta zurara kwana ɗaya ko biyu, da ciniki ya ja shi ƙasa sai ya tsaya. A ƙarƙashin wurin kuma aka tarar da yashi zalla, wani tsohon kwari ne da aka cike kafin a yi gini, ya miƙe ta ƙarƙashin katanga. Da aka gaya wa Iya ba ta yi mamaki ba. Ta ce ai saboda kwarin nan Malam ya zaɓi kusurwar, ya san nan ruwa yake bi. Ana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mu namu ɗakin maƙwabciya ce ta sani.

Na ja injiniyan gefe na tambaye shi abin da ke cina, ko rijiyar za ta gyaru. Ya tambayi tun yaushe aka fara jin warin. Na ce wata huɗu ke nan, ko da ɗan ɗori. Ya girgiza kai. Ya ce da tun farkon aka tsayar da yoyon, aka kwashe ƙasar da ta ɓaci, aka yi ta janye ruwan na ɗan lokaci, da akwai fata. Yanzu kuwa yashin ya sha ya ƙoshi, zai yi shekaru yana saki kaɗan-kaɗan, kuma ba zai iya ce wa kowa ya sha ruwan nan ba. Ma'aikatan da suka zo daga hukuma su ma abin da suka ce ke nan, suka ba da umarni a cike rijiyar a shafe bakinta da siminti.

Alhaji ya sa sabon tanki, ya kuma haƙa wa unguwar burtsatse a tsallaken titi, nesa da mu. Ruwansa mai kyau ne, har yau ana sha. 'Yan unguwa suka yi ta godiya, wasu ma suna cewa abin ya zama gobarar Titi, sun huta da jan guga. Iya dai ta daina gumi, don ba ta da ƙarfin jidar ruwan da sana'ar ke ci daga tsallaken titi, ta sayar da manyan tukwanenta.

Ranar da za a cike rijiyar na je. Ba wanda ya ce in je, amma na ga bai kamata a yi ba ni ba. Tifa ta juye ƙasa a ƙofar waje, leburori suka yi ta ɗiba da kwanon gini suna zubawa. Da farko ana jin ƙarar faɗawarta cikin ruwa, daga baya aka daina ji. Iya tana zaune a inuwar katanga da carbinta, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ɗauke ido daga wurin ba har aka gama. Da leburori suka tafi na je na durƙusa a gabanta. Na ce, "Iya, kin gaya min tun da wuri, ban ji ba. Laifina ne. Ki yafe min."

Ta ce, "Shinkafata da ta lalace, da zirga-zirgar da na yi, da maganar jarka, duk na yafe maka, duniya da lahira. Ruwan da na ba ka ka sha kuma kai ma ka yafe min." Na ce na yafe. Sai ta ce, "Amma rijiyar ba tawa ba ce, ɗan nan. Ta Malam ce. Duk gugan da aka ja, shi ake aika wa ladan. Shi kuwa ba ya nan balle ka roƙe shi."

Na tashi na koma bakin aiki, don akwai layi. Na ƙara shekara biyar a wurin kafin in bar sana'ar, kuma a duk tsawon lokacin ban sake gwada tanki ba sai ranar da yake cike, ko layi ya kai ina, ko wa zai zage ni. Duk manajan da na koya wa aiki haka na koya masa.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma da tsada na saye shi, kuma ba ni na biya ba. Gwajin da mutum ya zaɓar wa ranar da ta fi masa sauƙi ba gwaji ba ne, neman shaidar abin da yake son ji ne kawai. Kuma in wanda ke zaune da abu kullum ya ce maka ya canza, ka ajiye takardarka ka saurare shi tun ranar farko, domin akwai ɓarnar da in ta auku, ko wanda za ka roƙa gafara ba za ka samu ba.